Randa, bido, da yarinyar da ake ce ma Dommi

Shekarata goma sha ɗaya ina riƙe da alli, kuma tsakani da Allah tara daga cikinsu aikina guda ne, in rubuta a tablo yara su kwafe a kaye, in karanta su maimaita da ƙarfi har makwabta su ji, ranar kwampozisiyo su maido mini abin da na ba su ni kuma in ba su maki. Haka anka yi mini ina yaro, haka na iske ana yi, kuma ban taɓa jin abin ya tsaya mini a rai ba. Bara ajin CM1, wato aji biyar na firamare, anka ba ni a wata lakwal nan gefen garin Tahoua, yara 74 a rajista, uku-uku wani wajen huɗu-huɗu a benci, wanda ya makara ya shimfiɗa buhu ƙasa. Duk wanda ya taɓa riƙe irin wanga aji ya san in sunka yi maka shiru na minti goma to sai ka gode ma Allah.

Watan Afrilu ne, zafin bazaran nan da tun ƙarfe goma kwanon rufi ke ƙara kamar ana soya shi. Bakin ƙofar aji muna da randa guda da iyayen yara sunka sayo muna, gefenta kuma akwai bido ruwan ɗorawa mai lita 25 da mai ga-ruwa ke cika muna da safe. Rannan darasinmu kan ruwa ne, yadda yake zama ƙanƙara da yadda yake zama tururi, na rubuta évaporation da manyan baƙaƙe na ja mata layi biyu da jan alli, sun maimaita ta ya fi sau biyar. Sai wata yarinya can bencin baya ta ɗaga hannu. Ƴan ajin Dommi suke ce mata, don magana ba ta wuce ta gabanta ba ta ce "don mi" ba, har sunan ya bi ta gida.

"Mushe, don mi ruwan randa ya fi na bido sanyi, alhali mai ga-ruwa guda ya kawo su kuma inuwa guda suke?"

Na ce don randa da ƙasa anka yi ta, na juya zan ci gaba da rubutuna.

"To Mushe ai ƙasar waje zafi gare ta, ba a iya taka ta in ba takalmi."

Aji ya kwashe da dariya. Wallahi abin da ya fara zo mini a baki shi ne in daka mata tsawa ta kwafe darasi, don na ji kamar ta kwance mini zane a kasuwa. Kuma abin haushin, kalmar da ke amsa tambayarta tana nan bayana a tablo da jan layinta biyu, ni da na rubuta ta ban taɓa haɗa ta da randar da nike shan ruwanta kullum ba. Sai da na koma gida da dare ina kwance tsakar gida abin ya faɗo mini.

Mu dai mun iya faɗin matambayi ba ya ɓata, amma ku duba yadda muke yi ma yaro mai tambaya a gidajenmu. Ta farko a amsa mishi, ta biyu a ce kai ka cika surutu, ta uku a ce wanga yaro tambayar tsiya gare shi tashi ka ba mu wuri. Ya zo lakwal kuma ya iske an ƙara mishi wani takunkumi, don yare ma an canza mishi. Mu lokacinmu akwai sambol, wani ƙashi ne da igiya, duk wanda anka kama yana Hausa a rataya mishi a wuya sai ya kamo wani, wanda ya kai yamma da shi ya sha kashi. To yaron da ke tsoron buɗa baki kar ƙashi ya hau wuyanshi ƙaƙa za shi tambaye ka don mi? Ni da kaina na gama firamare da maki mai kyau ban taɓa yi ma mushe tambaya guda ba, in banda izinin fita bayan gida.

Ban san mi ya hana ni tsawar ba rannan. Na dai aje allin na ce, "Gaskiya amsar da na ba ki ba ta isa ba. Ban sani ba sosai. Za mu bincika tare." Shirun da aji ya yi ban taɓa samun irinshi ba ko da bulala. Can sai na ji wani ɗan banza a tsakiya yana raɗa da ƙarfi, "Mushe bai sani ba!" Kafin a tashi rekreyasiyo labari ya kai CM2.

A wani zaman CAPED, taron da malamai ke yi don ƙara ma juna sani, da munka yi shekarun baya, wani abokin aikinmu ya taɓa ba mu labarin wani tsari na Faransa da ake kira La main à la pâte, wanda Georges Charpak, mai lambar Nobel ta fizik ta 1992, ya kafa shi da abokanshi biyu a tsakiyar shekarun 1990, wai yaro ya sa hannu cikin ƙulli da kanshi maimakon a ba shi tuwo dafaffe. Yaro ya yi tambaya, ya faɗi abin da yake zato, ya gwada, ya rubuta abin da ya gani. Rannan duk dariya munka yi, munka ce wannan sai ajin yara 20 mai fanka da famfo a ciki. Na ma manta da zancen sai da Dommi ta tono shi.

Washegari na raba tablo biyu na ce kowa ya faɗi abin da yake zato, da Hausa, kuma ba wanda za a yi ma dariya. Nan fa baki ya buɗe. Wani ya ce roba ce ke jawo zafi. Wata ta ce don randa tana zaune bisa jiƙaƙƙen rairayi. Wani ya ce kalar bidon ce, da fari ne da ya yi sanyi. Wani ya ce faifan da ake rufe randa da shi ne. Wani ɗan ƙarami da bai taɓa magana ba tun rantire ya ce randa zufa take yi kamar mutum, in ka taɓa bayanta za ka ji danshi. Wata kuma ta ce kakarta ta ce randa albarka gare ta don daga ƙasa anka yi mu. Duka na rubuta, har ta albarkar, kowace da lamba. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne riƙe fuskata lokacin da ɗan ƙaramin nan ya faɗi ta zufa, don daren jiya na gano ita ce, kuma yara sun iya karanta fuskar mushe fiye da yadda sunka iya karanta littafi. In ka ɗan ɗaga gira shi ke nan bincike ya mutu, duka 74 za su ce su ma ita suke zato.

Aikin gida da na ba su shi ne kowa ya tambayi mutum biyu, amma kar ya kawo mini amsa tsurarta. Ya rubuto wa ya faɗa, kuma ƙaƙa anka yi shi mai faɗin ya sani. Da idonshi ya gani, ko aikinshi ne, ko shi ma ji ya yi?

Nan na sha kallo. Wata ta dawo da zancen kakarta cewa sabuwar randa ta fi tsohuwa sanyaya ruwa, in randa ta tsufa bayanta ya daina danshi to ta mutu sai dai a zuba hatsi. Wani yaro da innarshi ke da rumfa a kasuwa ya bi ta ranar Lahadi ya je wajen masu saida tukwane, wata tsohuwa cikinsu ta ce mishi randar da ba ta tsatsafo ba ta sanyi, shi ya sa mai saye ke ƙwanƙwasa ta ya saurara ya kuma shafa bayanta, ta kuma ce a aje ta inda iska ke wucewa. Sai wani ya miƙe ya ce ruwan bido ma ba a shan shi in ya kwana uku don yana zama guba. Na ce wa ya faɗa? Ya ce an faɗa. Na ce wa? Ya ce an dai faɗa a WhatsApp, yayanshi ya kunna musu. Na ce to shi wannan An ɗin ɗan wace unguwa ne, Bilbis yake ko Wadata, mu je mu gaishe shi? Tun daga rannan ajin ya samu sabon mutum, Malam An. Duk wanda ya ce an ce sai ka ji sauran sun ɗauka, "Malam An ya iso, a ba shi kujera." Ban ce musu zancen yayan nashi ƙarya ne ba fa, don ni ma ban gwada ba. Mun dai buɗe mishi gefe guda a tablo munka rubuta bisa, abin da ba mu san mai shi ba tukuna.

Sai gwaji. Na ciro jikka biyu daga aljihuna na sayo ƙananan tuluna biyu iri guda wajen mace guda, na haɗa da wani ƙaramin bido daga gida. Ma'aunin zafi kuma na je farmasi na sayo irin wanda ake sa ma majinyaci a hammata, ina ta jin kaina wai na yi dabara. Munka tsoma shi ruwan tulu sai ya nuna muna L kawai ya yi tsit, ashe shi an yi shi ne don jikin mutum, ƙasa da digiri 32 ba ruwanshi. Yara sunka ce ya lalace, wani ya ce Mushe an cuce ka. Sai da na ari na gilashi mai jan ruwa a ciki wajen wani abokina da ke koyar da fizik a CEG, wato sakandare, da sharaɗin in ya fashe in biya.

Shawarar naɗe tulu guda da leda daga wajensu ta fito. In dai zufa ce ke sanyaya ruwan, to mu hana guda yin zufa mu gani. Amma ranar farko sai ƙungiyar da na ba aikin ta aje mai leda bakin taga inda rana ke leƙowa, ɗayan kuma cikin lungu, sunka zo suna murna wai mai leda ya fi zafi, magana ta ƙare. Na ce ku tsaya. Duk ɗan Tahoua ya san kokowa, nan garin anka fara gasar ƙasa a 1975, ba yaron da bai taɓa zana fili a rairayi ya yi ta ba. Na ce in anka sa ɗan kokowa guda ya tsaya bisa rairayi ɗayan kuma cikin taɓo, wanda ke taɓo ya faɗi, za ku yarda an kada shi? Sunka ce ina, wannan ai zalunci ne. To haka tulu. Ruwa guda, lokaci guda, inuwa guda, yawa guda, abu guda tak za a bambanta, leda. Daga nan kalmar ta zauna, duk gwajin da za a yi sai ka ji wani ya ce "wannan kokowar ba adalci."

Kwana huɗu muna aunawa, da safe in mun shigo, da rekreyasiyo, da in za a tashi. Kowace ƙungiya da mai tsoma ma'auni, da mai karanta lamba, da mai rubutawa, da mai sa ido kar a yi ha'inci. Wajen azahar tulun da ba leda yakan tsaya wajen 26, mai leda da bido kuma suna can bisa 33, kusan kai ɗaya. Kuma da yake mun sa tsinke mun yi alamar inda ruwa ya tsaya, sai ga shi ruwan tulun da ba leda yana raguwa kullum alhali ba mai sha, har anka fara zargin juna da sata, sai da munka ɗaure bakin da tsumma na sa hannu bisa ƙullin da bik. Ya dai ci gaba da raguwa.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai cikin kwanakin nan huɗu wani ƙaramin abu ne. Rana ta uku ina zagawa na ga wani yaro, cikin masu ƙoƙarin ajin ma, yana goge lamba a kayenshi da yawu da ɗan yatsa. Na ce mi kake gogewa? Ya sunkuyar da kai. Ashe ya karanta 29 a tulun da ba leda, ya leƙa na ƙungiyar da ke gefe ya ga 26, shi ne yake son ya maida tashi 26 kar in ce ya faɗi. Ban ga laifinshi ba ko kaɗan, shekara biyar muna koya mishi cewa amsa guda ce kuma tana aljihun mushe, wanda ya zo da wata daban jan bik ke jiranshi. Na ce maida 29 ɗinka, ita ka gani. Munka tsaya duka aji munka bi diddigi, ashe mai tsoma ma'aunin nasu yakan ciro shi ya riƙe jan kan da yatsunshi ya zagayo da shi wajen mai karantawa, kafin nan ya hau. Da ya goge da ba mu taɓa gane haka ba. Na sa anka tafa mishi, yana ta kallona kamar na zauce, don bai taɓa ganin an tafa ma wanda lambarshi ta saɓa ba.

Bayanin kuwa a ƙarshe bai ɗauki minti goma ba. Na ce kowa ya jiƙa bayan hannunshi guda ya hura duka biyun. Wanne ya fi sanyi? Jiƙaƙƙen. Yumɓu yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa na tsatsafowa ta nan ya fito baya, busasshiyar iska ta kwashe shi ya zama tururi, kuma ruwa ba ya zama tururi sai ya ɗauki zafi ya tafi da shi, zafin kuwa daga jikin randar da ruwan cikinta yake ɗauka. Shi ya sa ruwan ke raguwa, shi ya sa tsohuwar randar da ƙofofinta sunka toshe ba ta sanyi, shi ya sa tsohuwar nan mai tukwane ta ce a aje inda iska ke bi. Na koma na nuna musu kalmar nan mai jan layi biyu. Wata ta ce "au, ashe zufa ce évaporation." Na ba su labarin Mohammed Bah Abba, wani malami daga arewacin Najeriya da ya sa ƙaramar tukunya cikin babba ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi don tumatur da ganye su daɗe ba firji, har ya samu kyautar Rolex a kai. Dommi ta ce to in haka ne da damina da iska ke da danshi randa ba za ta yi sanyi kamar yanzu ba. Na ce je ki tambayi kakarki. Ta dawo ta ce kaka ta ce wannan ai kowa ya sani.

Kar ku ce komai ya tafi sumul. Sati biyu bayan nan ina zaune gindin dogon yaro da rekreyasiyo sai ga wani Alhaji mai harkar albasa, uban yaron nan na WhatsApp, ya faka babur ko gaisuwar kirki ba mu gama ba.

"Mushe, mi kake koya ma ɗiyanmu ne?"

Na ce Alhaji lafiya dai? Ashe yana zaune da baƙinshi a zaure yana ba su labarin da ya ji kan farashin albasar Galmi, yaron ya kawo shayi, ya aje, ya ce "Baba wa ya faɗa, ko Malam An ne?" Gaban mutane. Na riƙe dariyata da ƙyar, amma gaskiya Alhaji ya fi ni gaskiya. Na koya musu tambaya ban koya musu ladabinta ba. Sai kuma na ƙara kwaɓa ta, garin kare kaina na jawo mishi aya ta 6 ta Suratul Hujurat, inda anka ce in fasiƙi ya zo muku da labari ku bincika. Ya ce "To Mushe ni ne fasiƙin ke nan?" Na ce subhanallahi Alhaji a gafarce ni, bakina ne ya yi tuntuɓe. Na sake hanya, na ce abin da nike nufi, ai malamanmu na hadisi ba su karɓar magana sai sun ji wane daga wane daga wane, kuma ba raini ne ya sa su haka ba. Kai ma albasa in anka ce maka ta yi tsada a Abidjan ba ka loda mota sai ka kira wanda ke can ya gani da idonshi. Ya yi shiru, ya ce wannan haka ne, amma a gaya ma yaro akwai wuri akwai lokaci. Munka rabu da dariya. Washegari darasi guda na ɓata kan wannan kawai, yadda ake gaida babba a durƙusa, a jira ya gama da baƙinshi, a ce Baba don Allah ina son in ƙaru, ina ka ji wannan. Munka yi ta wasan kwaikwayo, wani ya zama kaka wani ya zama jika, har da mai tari irin na tsofaffi.

Ga kuma programu. Randar nan ta cinye mini kusan sati biyu na darasin kimiyya, wata abokiyar aikina ta ce mini kai dai kana wasa da tukwane ranar jarabawa ba tulu za a tambaye su ba. Ba ƙarya ta yi ba. Hayaniya ma ba a magana, ajin da ke jikinmu na zana ne, sau biyu mushensu na aiko a ce mu rage. Wani mai duba aiki da ya zo ya iske ana gardama da Hausa ya ɗan ɓata rai, na nuna mishi kayensu inda kowa ya rubuta layi uku da Faransanci bayan an gama gardamar, abin da munka zata, abin da munka yi, abin da munka gani, cike da kuskuren rubutu amma nasu ne ba kwafe ba. Ya duba ya duba bai ce komai ba ya sa hannu ya tafi. Ni dai abin da na lura, yaron da ya riga ya fahimci abu da yarenshi neman kalmar Faransancin yake da kanshi, wanda bai fahimta ba kuwa ko ya haddace ta kafin bakansi ta zube. Kuma ba na jin wannan wani sabon abu ne da Turawa sunka kawo muna, Abdou Moumouni da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunanshi, ɗan Tasawa, masanin hasken rana, tun 1964 ya rubuta littafi kan ilimi a Afirka yana kukan lakwal ta rabu da rayuwar mutane da harsunansu. Ban ce kullum za a yi haka ba, ba zai yiwu da yara 74 ba, ni dai na yanke ma kaina bincike guda kowane wata uku, sauran lokaci a yi dikte da kalkil kamar yadda anka saba.

Da bakansi ta matso sai na ga ga damina tafe kuma duk cikin hutu za ta faɗo, lakwal na rufe. Kullum suna jin rediyo na cewa gari kaza ya samu milimita kaza ba su san mi ake nufi ba. Na gaya musu milimita guda na nufin lita guda bisa fili mai mita guda tsawo mita guda faɗi, kuma akwai mutanen da aikinsu ke nan, har da cibiyar AGRHYMET a Yamai da ke tara irin lambobin nan na ƙasashen Sahel tun 1974. Na ce kowa ya nemi gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, irin babban na tumatur, ya aje shi tsakar gida nesa da indararo da bango da itace, in anka yi ruwa da safe ya tsoma busasshen tsinke ya auna inda ya jiƙe da regil, ya rubuta rana da lamba, ya zubar.

Da anka koma a Oktoba mutum 11 sunka kawo, cikin 74. Wasu an tafi da su ƙauye noma, wasu gwangwanin ya koma na wanka, wani ya ce ƙanenshi ya yi mota da shi. Yanzu suna CM2 wajen wani mushe, amma sunka biyo ni gindin dogon yaro da kayensu. Nan take faɗa ya kaure tsakanin biyu, dare guda cikin Agusta ɗan Bilbis ya rubuta 31, wanda ke can bakin gari ya rubuta 17, kowa na ce ma ɗan'uwanshi maƙaryaci, har wani ya ce ku tsaya, gwangwanin naku iri guda ne, kuma wa ya ce ruwan da anka yi nan shi anka yi can? Ban sa baki ba.

Kayen Dommi ya sha ruwa ya kumbura, amma kwanakin na nan a jere. A wani layi cikin watan Yuli inda ya kamata a ga lamba ta rubuta, "an yi ruwa da yawa, akuya ta sha kafin in tashi, ban sani ba." Ƙasan shafin ƙarshe kuma ta ƙara wani abu da ban sa su ba, wai gawon da ke gonar kawunta duk damina tsirara yake ba ganye alhali kowane icce ya yi kore, yanzu kuma da ruwa ya ɗauke ya fara toho, kuma hatsin da ke gindinshi ya fi na sauran gonar tsawo. Don mi?

Na ce ta fara ƙirgo mini gawon da ke tsakanin gidansu da lakwal tukuna, ta duba ko duka haka suke yi. Jiya ta tare ni bakin ƙofa ta ce bakwai ne, amma guda ba ta tabbata ba ko gawo ne ko farar ƙaya, yana cikin gidan mutane kuma akwai kare.